Yadda Gwanaye Ke Mayar da Roba Fiffiken Jirgin Sama

A watan Agustan 2012 ne kamfanin jiragen saman Habasha ya karɓi Boeing 787 ɗinsa na farko, ya riga kowa mallakar irin wannan jirgi a nahiyar Afirka. Wanda ya hango shi a filin jirgi zai rantse alminiyom ne kamar sauran. Amma da za a ɗora shi a kan sikeli, wajen rabin nauyinsa roba ce da aka cusa wa zare, tun daga gangar jiki har fukafukai da jela. Airbus A350, wanda ya fara jigilar fasinja a 2015, ya ma ɗara haka, kashi 53 cikin ɗari. Ga mutumin da ya sha ganin kujerar roba ta baje da babban baƙo a wurin ɗaurin aure, maganar tana da wuyar haɗiya. Alhali robar kujera da robar fiffike dangin juna ne. Abin da ya raba su shi ne hannun da ya sarrafa su. A sana'o'in zamani kaɗan ne suka kai wannan buƙatar haƙuri da tsantseni, kuma kaɗan ne mutane suka jahilta kamar ta.

Roba dai, kowace iri ce, dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka kama juna dubbai a jere. Wani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya faɗi haka a 1920, manyan masana na zamaninsa suka yi masa ca, suna cewa babu ƙwayar da za ta yi wannan tsawo. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan maganar da aka ƙi saurare. Sarƙoƙin nan gida biyu ne. A gida na farko a kwance suke kusa da juna ba tare da an ɗaure su ba, zafi yana sa su zame, su narke, sanyi ya sake daskarar da su. Bokiti da buta da ledar ruwa duk 'yan wannan gida ne, shi ya sa 'yan gwangwan ke sayen fasassunsu a kai kamfani a narkar. A gida na biyu kuwa, da zarar an gasa robar sai sarƙoƙin su ƙulle da juna ta ko'ina, babu sauran narkewa har abada, sai dai ƙonewa. Gam ɗin Araldite mai kwalba biyu da ake cuɗawa kafin a liƙa abu, daga nan ya fito, sunan iyalinsa efoksi, kuma ɗan'uwansa ne ke riƙe da fiffiken 787.

Matsalar roba ita kaɗai ita ce laushi. Tana lanƙwasa, tana miƙewa a hankali idan kaya ya daɗe a kanta. Tun Leo Baekeland, wanda ya haɗa robar farko ta tsantsar sinadari a Amurka a 1907, ya gane cewa sai ya zuba mata garin katako kafin ta yi ƙwari. Amma asalin sirrin ya fito ne daga abin da ba wanda zai yi tunanin nema wa roba ƙarfi a wurinsa, wato gilashi.

Wani injiniya Bature mai suna A. A. Griffith, da ke aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila, ya tsaya yana tambayar abin da ya sa gilashi ke fashewa da sauƙi bayan lissafi ya nuna ya kamata ya fi ƙarfe ƙarfi. Sai ya riƙa narkar da shi yana jan sa ya zama zare, yana gwada nauyin da kowane zare zai ɗauka kafin ya tsinke. A rahoton da ya gabatar a 1920 ya nuna cewa duk sa'ad da zaren ya ƙara siranta, ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, har mafi sirantarsu ya ninka gilashin taga fiye da sau goma. Dalili kuwa shi ne, ba gilashin ne ke da rauni ba, ƙananan tsagogin da ido ba ya gani ne a jikinsa. Duk nauyin da aka ɗora yana taruwa a bakin tsaga, ta buɗe, ta ruga ta raba abin biyu. Siririn zare ba shi da filin da babbar tsaga za ta zauna.

To amma me za a yi da zare? Ana iya jan sa, ba a iya tura shi, kuma da ya gogi ɗan'uwansa sai ya sami sabon rauni. A nan ne roba ta sami aikin yi. Maginin gargajiya ya san wannan hikima tun kafin a haifi Griffith: yakan cuɗa ƙasar gini da ramno, busasshiyar ciyawar nan, domin ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi in ta bushe, ciyawa ita kaɗai kuma ba ta tsayar da katanga. A roba mai zare ma rabon aikin ke nan. Zare ne ke ɗaukar kaya. Roba ce ke riƙe kowane zare a mazauninsa, ta kare shi daga gogayya da danshi, kuma idan ɗaya ya tsinke ta karɓi kayansa ta raba wa maƙwabtansa. Tsagar da za ta ratsa farantin gilashi cikin ƙiftawar ido, a nan sai ta tsinka zare ɗaya ta ci karo da roba, ta rasa hanya.

Wanda ya ji wannan bayani zai ce ai abin da sauƙi, a samo zare a samo roba a gauraya. Nan ne ake gane ɗan koyo. Duk ƙarfin abin yana rataye ne a kan wani siririn wuri da ba ya kai kaurin maikiromita ɗaya, inda fatar zare ta taɓa roba. Idan ba su kama juna ba, zaren zai zame ya fita, kamar ba a sa shi ba. Shi ya sa a masana'antar zaren gilashi, inda narkakken gilashi ke tsiyayowa ta ɗaruruwan ƙananan ramuka na farantin filatinom, tun kafin zaren ya kai ga kwarkwaro ake shafe shi da wani ruwa mai ɗauke da sinadarin silen, wanda gefensa ɗaya ke kama gilashi, ɗayan ya kama roba. Kowane kamfani yana ɓoye haɗin wannan ruwa kamar asirin gado. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne abin da J. E. Gordon da abokin aikinsa Cook suka nuna a 1964: idan riƙon ya yi yawa ma illa ne. Zare da roba suka zama jiki ɗaya sosai, tsaga ba za ta ga iyakar da za ta karkatar da ita ba, sai abin ya fashe kamar tangaran. Ana so riƙon ya isa ɗaukar kaya, amma ya ɗan saki idan tsaga ta iso. Mai bincike yakan karya samfuri da gangan ya sa bakin karayar a ƙarƙashin madubin ilektiron. In ya ga zaruruwa sun fito dogaye, tas, babu ɗigon roba a jikinsu, ya san riƙo ya gaza. In ya ga wurin ya yanke sumul, ya san ya wuce gona da iri. Tsakanin waɗannan biyun ake neman gwani.

Zaren gilashi ya shiga kasuwa tun shekarun 1930, har motar Chevrolet Corvette ta fito da jikin faiba a 1953, kuma har yau shi ne mafi yawan zaren da ake amfani da shi, a jiragen ruwa da tankuna da fukafukan injin samar da lantarki daga iska. Jirgin sama kuwa yana son abin da ya fi wannan tauri da rashin nauyi, sai aka koma ga kabon.

Yadda ake yin zaren kabon abin kallo ne. Ana farawa da farin zaren akirilik, ɗan'uwan wanda ake saƙa rigar sanyi da shi. Wani Bajapane, Akio Shindo, ya gano a Osaka wajen 1959 cewa wannan zare ne ya fi dacewa. A 1963 William Watt da abokansa a Farnborough suka ƙara abin da ya canza komai: a riƙe zaren a miƙe, a ɗame, yayin da ake gasa shi, don kada sarƙoƙin cikinsa su karkace. Ana fara bi da shi ta cikin iska mai zafin digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, a hankali, har ya rikiɗa daga fari zuwa ruwan zinari zuwa baƙi. A yi gaggawa a nan, zaren ya kama da wuta. Daga nan sai tanda mai zafin da ya haura digiri 1,000, wadda aka kore iskar oksijin daga cikinta aka cika ta da naitirojin. Kusan rabin nauyin zaren yana tashi a hayaƙi, abin da ya rage kabon ne fiye da kashi 90 cikin ɗari, a jere bisa tsawon zaren. Kaurinsa maikiromita 5 zuwa 7, wato sai an haɗa wajen goma kafin su kai gashin kai ɗaya, kuma ana sayar da shi a damin sili 3,000 ko 12,000 ko 24,000. Nau'in T300 na kamfanin Toray, wanda tsohon yayi ne yanzu, idan aka tara shi ya kai kaurin milimita ɗaya ta kowane gefe zai ɗauki wajen kilo 360 kafin ya tsinke. Ya ninka rodin gini kusan sau bakwai ke nan, nauyinsa kuwa bai kai rubu'in na ƙarfe ba.

Turawan Ingila ne suka fara ɗokin sa shi a jirgi, kuma su suka fara shan wuya. Kamfanin Rolls-Royce ya ƙera fukafukan fankar injinsa RB211 da zaren kabon, suka ci gwaje-gwaje da dama. A 1970 aka zo gwajin karo da tsuntsu, inda ake harba mushen kaza cikin inji yana gudu. Fukafukan suka tarwatse. Suna da ƙarfi ta inda aka jera zaren, amma duka ya zo musu ta gefe, inda roba ce kawai ke riƙe da su. Dole aka koma ga ƙarfen taitaniyom, kuɗin aikin da dama ya riga ya wuce kima ya ƙara hauhawa, a watan Fabrairun 1971 kamfanin ya durƙushe har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. A wannan shekarar ce Toray na Japan ya fara sayar da nasa zaren, kuma abin da ya riƙe masa kasuwa a farko shi ne sandar kamun kifi da sandar wasan golf. A kan waɗannan ƙananan kaya suka koyi aikin, shekara da shekaru, har suka zama masu ba Boeing zaren 787. Fankar kabon ma ta dawo a 1995 a injin GE90, wannan karon da bakin taitaniyom da kuma kyakkyawar fahimtar inda duka ke fitowa.

Darasin Rolls-Royce shi ne zuciyar sana'ar. Ƙarfe ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska, injiniya ya zaɓi kauri kawai ya yanka. Roba mai zare kuwa ba a sayo ta a gama. Wanda ke ƙera fiffiken shi ne ke ƙera abin da aka yi fiffiken da shi, a lokaci guda. Zaren yana zuwa a shimfiɗe kamar yadi, an riga an jiƙa shi da efoksin da bai gama ƙullewa ba, kowace shimfiɗa ba ta kai rubu'in milimita ba. Mai zane zai zauna ya lissafa ta ina iska za ta lanƙwasa fiffike, ta ina za ta murɗe shi, sannan ya rubuta: wannan shimfiɗa ta bi tsawo, ta biyu ta karkata digiri 45 dama, ta uku digiri 45 hagu, ta huɗu ta gitta. A gindin fiffike shimfiɗun na iya haura ɗari, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya zuwa tsini. Kuma jerin sai ya zama na sama ya yi daidai da na ƙasa idan aka raba daga tsakiya. Domin kabon kusan ba ya miƙewa ko tsukewa da zafi bisa tsawonsa, roba kuwa tana yi, saboda haka shimfiɗa ɗaya da aka juya ba daidai ba ta isa ta sa allon da ya shiga tanda a miƙe ya fito a murɗe.

Kayan aikin kansa yana da ajali. A firiza ake ajiye shi, a digiri 18 ƙasa da sifiri, don da ya ji ɗumi efoksin ya fara ƙullewa. Duk sa'ar da naɗi ya yi a waje sai an rubuta ta, in adadin ya cika a zubar, kome tsadarsa. Idan an fito da shi ba a buɗe ledarsa sai sanyinsa ya fita gaba ɗaya, kada raɓa ta sauka a kansa. Ɗakin shimfiɗa ana tace iskarsa, ma'aikata da safar hannu da hular rufe gashi, an hana shiga da man shafawa mai silikon, saboda maiƙon yatsa ɗaya yana iya hana shimfiɗu biyu kama juna. Manyan sassa yanzu inji ne ke shimfiɗa su, yana zagaya mazubi yana manna siraran zirin zare, amma lunguna da kusurwoyi har gobe hannun mutum ne, yana lallaɓa yadin ya kwanta ba tare da ya tattare ko ya bar rami a ƙarƙashinsa ba. Bayan 'yan shimfiɗu sai a rufe da leda a zuƙe iska, a buɗe, a ci gaba.

Sai gashi. Ana tura aikin cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai murfi, wadda wasu ke iya haɗiye fiffike sukutum, a matsa shi da iska mai nauyin da ya ninka na sararin duniya sau shida ko bakwai, a ɗaga zafi zuwa digiri 180. Ba a ɗaga shi haka kawai. Digiri ɗaya zuwa uku a minti, domin da farko efoksin yana tsinkewa ya zama ruwa, ya ratsa tsakanin zaruruwa, kumfar da ta rage ta sami hanyar fita, sannan ya fara kauri ya ƙulle. A makara da matsi, ƙofa ta rufe da kumfa a ciki. Idan kuma robar ta tsiyaye da yawa, zare ya bushe. Ƙullewar da kanta tana haifar da zafi, don haka tsakiyar wuri mai kauri na iya ƙonewa alhali gefe bai nuna ba, shi ya sa ake binne wayoyin auna zafi a wurare da dama ana bin su minti bayan minti. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne zare ya cinye kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin abin, kumfa kuwa kada ta kai kashi ɗaya. Bincike ya daɗe da nuna cewa kowane kashi ɗaya na kumfa yana iya cinye wajen kashi 7 na riƙon da ke tsakanin shimfiɗu.

A ganina wurin da wannan sana'a ta fi cancantar girmamawa shi ne, aibinta ɓoye yake. Walda mara kyau ana ganinta, katakon da ya tsage ana ganinsa. A nan kuwa ɗan guntun ledar da aka manta a shimfiɗa ta arba'in yana nan kwance a ƙarƙashin fuska mai sheƙi. Sifana ta suɓuce wa makaniki ta faɗi a kan fiffike, a waje ba a ga komai ba sai ɗan tabo, a ciki shimfiɗu sun rabu da faɗin tafin hannu. Don haka ake bin kowane sashe da na'urar sauti irin wadda ake yi wa mai juna biyu hoton ciki da ita, sautin ya shiga ya dawo, inda ya dawo da wuri an san akwai rata. Tsofaffin ma'aikata kuma har yanzu sukan ƙwanƙwasa da kwabo suna saurare: wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, wurin da ya rabu yana amsawa a dushe. Amma duk na'urorin nan bayan aiki suke zuwa. Amanar tana wuyan wanda ya shimfiɗa, wanda zai ce a tsaya, na ga kamar na juya ta talatin da bakwai, ko da hakan zai jawo asarar aikin mako guda.

Boeing ma bai tsira ba. A tsakiyar 2009, ana dab da tashin farko, gwaji ya nuna shimfiɗu suna rabuwa a inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, aka ɗage tashin har watan Disamba sai da aka ƙarfafa wurin. A watan Maris na 2010 aka ɗaure jirgin gwaji aka ja fukafukansa sama da nauyin da ya kai ɗaya da rabi na mafi munin abin da ake tsammanin zai gamu da shi a sama. Tsininsu ya ɗaga wajen ƙafa 25, ba su karye ba. Ribar da fasinja ke ji a jikinsa ita ce, tunda robar ba ta tsatsa kuma ba ta gajiya kamar alminiyom, an iya ƙara danshi da matsin iskar cikin jirgin, aka kuma faɗaɗa tagogi. Sai dai kowace riba da sabon ciwon kai: kabon yana cinye alminiyom idan suka haɗu a wuri mai danshi, dole a raba su ko a sa taitaniyom, kuma robar ba ta wuce da lantarki kamar ƙarfe, sai an shimfiɗa siririn jan ƙarfe a fatar jirgin saboda tsawa.

Kada mai karatu ya ɗauka sai a sama ake samun wannan gwaninta. Baƙar robar da ke saman lagireton mota nailan ce mai ɗauke da gajerun zaren gilashi, galibi kashi 30 cikin ɗari. Ana narkar da tsabar robar a cikin bututu mai juyayyen sukuru, a harba ta cikin mazubin ƙarfe. Mai saita injin yana fama da nasa lissafin. Nailan tana shan danshi, in ba a busar da tsabar na sa'o'i ba ruwan zai tsittsinka sarƙoƙinta a cikin zafi. Sukurun ya yi gudu, ya kakkarya zaren, kuma tun 1965 masu bincike Kelly da Tyson suka nuna akwai tsawon da idan zare ya gaza shi ba ya ɗaukar cikakken kaya, zamewa yake yi. Inda narkakkiyar roba ta rabu biyu don zagaye rami ta sake haɗuwa, zaren ba ya tsallakawa, wurin ya zama kabu mai rauni. Gwani shi ne wanda zai matsar da ƙofar shigar roba don wannan kabu ya faɗa inda babu nauyi.

Akwai kuma reshen binciken da ya shafe mu kai tsaye, wato rama. Ramar nan da muke kwaɗon ganyenta muna tufka igiya da ɓawonta, masu ƙera motoci sun daɗe da sa mata ido. Zarenta ya fi na gilashi rashin nauyi nesa ba kusa ba, ba ya cinye haƙoran inji, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar karanta ya kai mita uku ko fiye. Kamfanin Toyota Boshoku ya fara sa ta a allon cikin ƙofar mota a 2000. Ford ya sa ta a ƙofar motarsa Escape ta 2013, rabi rama rabi robar folifurofilin, wadda 'yan kasuwar roba ke kira PP, ya ce sashen ya ragu da rubu'in nauyinsa. Ba sabon tunani ba ne ma: Jamus ta Gabas ta yi motar Trabant sama da miliyan uku daga 1957 zuwa 1991 da jikin da aka matse daga ragowar auduga da roba.

Sai dai rama tana da taurin kai irin nata. Tana son ruwa, PP kuwa ba ta ga-maciji da ruwa, don haka ba sa kama juna da kansu. Mai bincike yakan jiƙa zaren a ruwan soda mai ƙarfin kashi kaɗan cikin ɗari, ya wanke danƙo da maiƙon fatarsa don ta yi kaushi. Ya zarce da ƙarfin sodar ko lokacin jiƙon, ya cinye zaren da yake son gyarawa. Sannan a zuba ɗan PP da aka liƙa wa sinadarin maleyik, ya zama ɗan tsakani. Tagar zafin ma ƙarama ce ƙwarai: PP tana narkewa wajen digiri 165, rama tana fara ƙonewa wajen 200, tana baƙi tana wari. A cikin wannan ɗan taƙi za a narkar, a cuɗa, a matse. Danshin da ya rage a zaren kuwa tururi zai zama ya cika allon da ramuka. Abin da ya fi duka wuya shi ne, zaren gilashin yau da na baɗi ɗaya ne, amma ramar fadama da ta tudu, wadda aka yanka da wuri da wadda ta tsufa, wadda aka jiƙa mako ɗaya da wadda ta yi biyu a kududdufi, kowace da ƙarfinta. Kamfanin mota ba ya sayen allon da ya yi kyau sau ɗaya, yana son na dubu ɗari ya yi daidai da na farko. Rama ba za ta yi fiffike ba, kuma duk wanda ya ce za ta maye gurbin kabon yana yaudarar kansa. Amma allon ƙofa, silin ɗaki, teburin makaranta, akwatin kaya, duk tana iyawa.

Ba na so in wanke sana'ar tas. Robar gida na biyu da ba ta narkewa ba ta komawa tukunya, shi ya sa a 2020 duniya ta ga hotunan tsofaffin fukafukan injin iska ana binne su a jere a Casper ta jihar Wyoming. Wannan bashi ne da masu bincike ba su gama biya ba, kuma yana cikin abin da ya sa haɗin rama da PP, wanda ake iya niƙawa a sake narkarwa, yake da daraja.

Kayan haɗin suna hannunmu. Masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal ta daɗe tana fitar da tsabar PP, matatar Ɗangote ta fara fitar da tata a 2025 da ƙarfin tan 830,000 a shekara. Cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan tana aikin inganta irin rama. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen injiniyancin polima da masaƙa. Kamfanonin roba suna nan a Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. Abin da na ga ya yi ƙaranci shi ne tsallakawa daga ɗakin gwaji zuwa bakin inji. Binciken ɗalibai da yawa a ƙasar nan yana tsayawa ne a ɗan samfuri mai tsawon yatsa da aka zuba da hannu, aka ja shi ya tsinke, aka rubuta lamba, aka ɗaure kundi. Ba a bar shi ya sha damina da zafin bazara ba, ba a gwada ko inji zai fitar da ɗari iri ɗaya ba, kuma nan ne ainihin gwanintar take. Masu kamfanonin roba na Kano, ku ba ɗaliban nan sa'o'i a kan injinanku, ko da na daren Asabar ne. Malaman jami'a kuma ku daina sa hannu a kan kundin roba mai zare da bai taɓa shiga mazubin masana'anta ba.